MAYE A KAN GULBI: WA KE BINCIKEN MATUƘI KAFIN A TURA JIRGI?

Da yawa daga cikin 'yan'uwa matasa idan suka ji ana maganar shan giya a kan ruwa sai su ce ai wannan matsalar wasu ce can, mu nan Kebbi tun shekarar 2000 aka kafa Shari'a, an hana sayar da barasa, kuma kowa ya san haddin mashayi a mazhabar Malikiyya bulala tamanin ne. Haka ne. To amma ɗan'uwa, an rufe gidan giya, shin an rufe maye?

Gaskiyar magana ita ce maye ya canza riga ne kawai. Kwalbar da ake ɓoyewa a da ta koma ƙwayar da ake haɗiyewa da shayi a bainar jama'a ba wanda ya kula. Ga taramol, ga kodin wanda sai a 2018 gwamnatin tarayya ta farga ta hana shigo da shi da sarrafa shi, ga wiwi, ga sholisho. Matashi zai kai buhunan shinkafa daga fadama, ko zai yi fito tun asuba har almuru ranar kasuwa, sai abokin banza ya ce masa sha wannan ba za ka ji gajiya ba. Hujjar kenan, wai ƙarfin aiki. Alhali malamai ba su yi saɓani ba cewa duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, ko a kwalba yake ko a leda.

Mai mota idan ya bugu yana iya taka birki ya gangara gefen titi. Shi kuwa gulbi ba shi da gefe. Barasa tana taɓa abin da ke daidaita tsayuwar mutum a cikin kunne, tana rage saurin ganin haɗari da saurin kauce masa, ga zafin rana da ƙarar inji suna ƙara masa jiri. Wanda ya faɗa ruwa a buge, musamman jan ruwan damina da ba a ganin komai a ciki, yana iya kasa bambance sama da ƙasa, ya riƙa nutsawa yana zaton fitowa yake. Taramol kuwa likitoci sun tabbatar idan ya yi yawa yana jawo bugun jiki irin na farfaɗiya. Ka ƙaddara wannan ya kama mutum yana riƙe da inji a tsakiyar Gulbin Rima a watan Agusta, bayansa mata ne da goyo da yara masu kai abinci gona. Wal'iyazu billahi.

Kada kuma wani ya ce ni Bakabe ne, a ruwa na tashi. Mun san gwanintar mutanen Argungu, duniya ma ta sani, tun 1934 ake taruwa kallonsu a Matan Fada. Amma gwanin ruwa da hankalinsa yake gwani. Kuma ko shi ya fita, fasinjansa fa?

Hatta a Amurka, inda dokarsu ta halatta giya, laifi ne mutum ya tuƙa jirgin ruwa a buge, kuma hukumar tsaron gaɓar tekunsu ta daɗe tana sanya barasa a kan gaba cikin sanannun dalilan mutuwa a haɗarin ƙananan jirage. Su suna da na'urar awo da jami'ai a kan ruwa. Mu me muke da shi?

Muna da takarda. Hukumar NIWA da aka kafa a 1997 ta hana tafiyar dare, ta hana lodi fiye da kima, ta wajabta rigar kariya. Hukumar NDLEA tana nan tun 1989, ga Hisba. Amma je ka mashigin ƙauye tsakanin Augie da Argungu, ko gangaren Birnin Kebbi zuwa Bunza, ka ƙirga jami'an da za ka gani. Sai an yi asarar rayuka mahukunta su zo da jerin gwanon motoci su yi ta'aziyya su koma.

Ba mu manta da Wara ba. Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya dare a kogin Neja a ƙaramar hukumar Ngaski, waɗanda aka ceto da rai ashirin ne da 'yan kai. Lodi da tsufan jirgi aka ɗora wa laifin, ba maye ba. Sai dai irin waɗannan jiragen ne dai muke shiga har yau, baki ɗaya da ruwa, wanda ko mutum ɗaya ya miƙe tsaye ba shiri sai ya karkata. Jirgin da mai cikakken hankali ke kai shi tudu da ƙyar, ina ga wanda ya haɗiyi ƙwaya uku?

Don haka ɗan'uwa, kafin ka miƙa kuɗin fito dubi idon matuƙi, ka ji muryarsa. In ka ga alama, sauka, kuma ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji, domin tsohuwar da ke kusa da kai kunya ba za ta bar ta ta yi magana ba. In kai ne matuƙin, ka sani rayukan nan amana ce a wuyanka, ga diyya ga tambayar gobe kiyama. Sarakunan ruwa da shugabannin 'yan fito kuwa sun san yaransu ɗaya bayan ɗaya, sun san mai sha, sun san mai sayar masa. Su karɓe gora da makullin inji daga hannun wanda suka sani tun kafin ruwan bana ya cika.