Tufar Gora ko Ta Audugarmu?



Yayana ya sayo safa a gwanjo, an rubuta a jikinta wai da gora aka yi ta. Dariya na yi, don mu nan gorar da muka sani ta rufin ɗaki ce da sandar makiyaya. Ashe gaskiya ne, kuma ƙasar Sin ce kan gaba a wannan sana'a.

Sai dai ba saƙa gorar ake yi kai tsaye ba. Ana daddatsa ta, a jiƙa a ruwan soda irin wadda iyayenmu mata ke haɗa sabulu da ita, a ƙara wani sinadari mai guba har ta narke ta yi kauri kamar koko. Daga nan a tura ta ta ƙananan huji cikin ruwan asid, sai ta daskare ta zama zare. Wannan sinadarin yana cutar da ma'aikata.

Wasu abokaina sun ce a kafa mana irin wannan masana'anta, tunda gora na saurin girma. Ni ban yarda ba. Ina za a zubar da dattin ruwan? A kogin Mariga da shanu ke sha? Kuma wa zai shiga dajin Kamuku saro gora alhali gona ma da fargaba ake zuwa?

Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 da audugar Arewa ta yi aiki, yau tana rufe. Ita ya kamata gwamnati ta fara tayarwa, manomanmu su samu mai sayen audugarsu.