An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Maƙeri da Dokar Bindiga

Akwai wata doka a ƙasar nan wadda take iya kai mutum gidan yari shekara goma, amma ina shakka ƙwarai in an taɓa zama an karanta wa maƙeran ƙasarmu ta Baure ita da harshen da suke ji. Ina nufin Dokar Bindigogi ta 1959, wadda Turawa suka bar mana shekara ɗaya kafin mulkin kai, kuma har yau da ita ake gurfanar da mutane. Ni a ganina, hukumar da ta rubuta doka da Turanci, ta rufe ƙofar izini, sa'an nan ta zo tana kamun maƙeri, ta bar jaki ne tana dukan taiki.

Bari mu fara da abin da dokar ta ce, domin da yawa daga cikinmu 'yan boko ma ba mu sani ba. Ta raba bindigogi gida uku. Na farko su ne haramtattu, watau irin na soja, da libarba da fistol, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasin Shugaban Ƙasa. Na biyu su ne na amfanin kai, kamar bindiga mai baki biyu ta farauta, waɗanda lasinsu yake hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne na ɗurawa ta baki, irin su adaka da muke kira harba-ka-ruga, waɗanda aka danƙa al'amarinsu ga Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Game da ƙira kuwa, dokar ta hana kowa ƙera bindiga, amma ta ce Sufeto Janar, da yardar Gwamna, yana iya ba mutum izinin ƙera na gida na uku da gyara su, kuma ya ajiye rajistar waɗanda ya ba.

To, ga inda gizo yake saƙar. A cikin haramtattun nan dokar ta ambaci kowace irin fistol, har da mai ƙanƙara wadda ake ɗura wa albarushi. Bugu da ƙari ta hana a gajarce bututun bindiga marar zare a ciki ya kasa inci 20, ta kuma hana a ƙera shi haka ko a mallake shi. Ashe ke nan ƙarfe ɗaya, maƙera ɗaya, hannu ɗaya, amma in abin ya fito dogo yana hannun Kwamishina, in ya fito fistol ya koma hannun Shugaban Ƙasa, hukuncinsa kuwa ɗaurin da bai kasa shekara goma ba. Maharbin da bakin bindigarsa ya tsage ya kai a datse masa, shi da maƙerin duk suna iya afkawa laifi alhali ba su sani ba.

Kada a ɗauka ina sukar wannan iyaka ne. Sam. Doguwar bindiga a kafaɗa ake rataya ta, kowa yana gani, gajera kuwa don a ɓoye ta cikin riga aka yi ta, kuma manomi ba ya bukatar ɓoye abin da yake korar biri da shi. Ko a Amurka, inda bindiga ta cika hannun jama'a, dokarsu ta 1934 ta wajabta rajistar raifal ɗin da bututunsa bai kai inci 16 ba. Dokar tarayyarsu ta yarda a haɗa fistol daga uwar ƙarfen da ba a taɓa yin raifal da ita ba, amma wanda ya gajarce raifal ba rajista ya yi laifi. Bambancinmu da su shi ne, a can ƙa'idar tana cikin harshen mai bindigar, kuma ofishin neman izini a buɗe yake.

Asalin wannan rabe-rabe ma abin dubawa ne. A taron Burasal na 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a hana shigo wa mutanen Afirka bindigogin zamani, a bar musu masu ƙanƙara kawai. Ba don tausayinmu suka yi ba. Tun kafin nan Sarkin Damagaram Tanimun ya sa ana ƙera bindigogi da igwa a Zinder, a zamanin da Baure da Zango suke bin Damagaram. Watau ƙira sana'a ce da sarakuna suka sani, suka san masu yinta, suka san kuma inda kayan suke zuwa. Har gobe 'yan bindigar Sarki suna harbi a hawan Salla a Daura. Abin da ya ɓace a yau shi ne wancan sani.

Sa'an nan mu dubi halin da aka shiga. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 makamai suka watsu a ƙasashen Sahel, kuma AK-47 ɗin da aka sace ɗalibai fiye da 300 da ita a Ƙanƙara cikin Disamba 2020 ba a maƙerar kowa aka ƙera ta ba. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce jama'a su nemi makami su kare kansu. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce a ba mutane lasin, 'yan sanda kuwa suka ce an dakatar da ba da lasin. Dalili kuwa shi ne Tsarin Mulki na 1999 ya sa makamai a hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai. To, don Allah talaka wa zai bi? Gwamna ya ce saya, ɗan sanda ya ce in ka saya na kama ka, ɗan bindiga kuma bai nemi lasin kowa ba. Wanda ya ji maganar Gwamna ya ruga wajen maƙeri, kuma maƙerin ne zai kwana a sel.

Na san wasu za su ce, in aka ba maƙera izini ai bindiga za ta ƙaru. Wannan magana tana da nauyi, domin mun ga yadda ɗaukar doka a hannu da wasu 'yan sa-kai suka yi ya jawo ramuwar gayya, aka yi ta asarar rayukan Hausawa da Fulani waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Amma amsata ita ce, ƙirar ba ta tsaya ba, ɓuya kawai ta yi. Bindigar da aka ƙera a ɓoye ba ta da lamba, ba ta da mai ita, ba wanda ya gwada ingancinta, tana iya fashewa ta cinye yatsun mai harbi. Maƙerin da yake da takarda kuwa yana da abin da yake tsoron rasawa, shi ne kuma zai fara cewa a'a in baƙo ya zo neman gajera. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 a kan ƙananan makamai ita ma abin da ta nema ke nan, a yi rajistar masu ƙira na gida, a sa wa makamai alama.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Na ɗaya, a yi aiki da sashen izinin nan da yake kwance cikin doka, a bi ta hannun Sarkin Maƙera da dagatai da hakimai, tun da su suka san kowace maƙera. Na biyu, kowace doguwar bindiga a buga mata lamba a rubuta sunan mai ita, haramcin gajera kuwa a bar shi daram. Na uku namu ne, mu ɗalibai da malaman Hausa. Mu zauna da 'yan'uwanmu na sashen shari'a mu fassara dokar nan, a karanta ta a rediyo da kasuwannin ƙauye.

Ƙasar Daura ba ta sha irin wuyar da Jibiya da Batsari da Faskari suka sha ba, amma Baure a bakin iyaka take, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba shugabanninmu kunnen ji, ya ba mu zama lafiya, amin.