Jirgin Kuza Ba Jirgin Talaka Ba Ne

Akwai waɗansu mutane, in sun je gidan kayan tarihi na Jos suka ga tsohon kan jirgin nan ɗan ƙarami a ajiye, sai su kama yabon Turawa, wai sun shimfiɗa dogo don tausayin talakawa. Tarihin jirgin da kansa ya isa ya ƙaryata su.

Kafin zuwansa, 'yan alaro ke ɗaukar kuza a ka daga Jos har Loko, bakin Binuwai. Da masu haƙar kuza suka matsa, sai aka tayar da dogo daga Zariya, ya kai Rahama cikin 1912, ya isa Jos da Bukur cikin 1914. Faɗinsa ƙafa biyu da inci shida ne, alhali na Ikko zuwa Kano ƙafa uku da inci shida ne. An tsuke shi ne domin araha. Irin kan nan kuwa a tankunan gefensa yake ɗauke da ruwansa, ba ya nisa sai ya tsaya sha. A Zariya kuma tilas a sauke kaya, a sake lodi cikin babban jirgi.

Cikin 1927 babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan, kuza ta sami hanyar Fatakwal. Daga nan ƙaramin jirgi ya zama saniyar ware, har aka rufe hanyarsa cikin 1957, aka kwashe ƙarafan. Kuza ta kawo shi, kuza ta sallame shi. Ina tausayin mutanen Soba da Dutsen Wai, waɗanda aka bari da kufan tasha?

Wannan ya shafi Batsari da Safana, ko da yake dogo bai taɓa ratsa su ba. Wanda aka kai Ƙauran Namoda cikin 1929 ta Funtuwa ya bi, ya bar manominsu da jaki. To, cikin 2021 aka soma aikin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Katsina da Jibiya, watau maƙwabtan Batsari. In ba a gyara hanyoyin ƙauye ba, aka kuma raba su da ɓarayin daji, yaya gero da gyaɗar talaka za su kai tasha? Wajibi ne masu gari da wakilan jama'a su nemi wannan tun yanzu, kada jirgi ya riƙa wucewa da kayan waɗansu, manomi yana kallo. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.