Kafin a Buɗe Injin Babur

A mazaɓar Durun ta ƙaramar hukumar Kabo, da sauran garuruwan da ke tsakanin Kabo da Gwarzo, babur ne ke kai malamin firamare makaranta, shi ke ɗauko buhun taki daga kasuwa, shi kuma ake tayarwa da tsakar dare idan naƙuda ta zo da gardama. Tun da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a birnin Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero, mutanen birni suka koma Adaidaita Sahu. Karkara kuwa ba ta da madadin babur, domin shi kaɗai ke ratsa hanyar gona da damina.

Yawancin baburan nan sun manyanta. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya sun ɗaga farashin duk abin da ake shigowa da shi, har sabon Bajaj Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. Wanda ke da tsohon Jincheng ko Boxer ya san cewa dole ya lallaɓa shi. Daga cikin larurorin tsufan babur kuwa, babu wadda ke tayar wa mai shi hankali kamar ta giya, saboda da zarar ya ce "giyar ba ta shiga", amsar da ya fi tsammanin ji a gareji ita ce: "Sai an buɗe inji."

Ra'ayina shi ne ana buɗe injin da bai kamata a buɗe ba sau da yawa, kuma laifin bai tsaya kan bakanike kaɗai ba. Mu ne muka saba biyan kuɗin kayan da aka canza da gumin da muka gani, muka ƙi biyan ladan binciken da zai hana ɓarnar.

Yadda giya ke aiki

Abin da muke kira giya sassa ne da dama da ke miƙa wa juna aiki. Mahayi ya damƙe hannun kuloci, waya ta ja, faya-fayan kuloci su rabu, ƙarfin inji ya daina zuwa ga haƙoran giya. Sai ya taka ƙarfen giya da ƙafa. Ƙarfen yana ɗaure a kan wani sanda da ya ratsa cikin inji, sandan kuma yana juya wata 'yar ganga mai tsagogi a jikinta. Idan gangar ta juya, sai ta tura wasu ƙarafa masu yatsu biyu, su kuma su zame da haƙoran giya gefe, har ƙusoshin da ke jikin ɗaya su faɗa ramukan da ke jikin ɗan'uwansa. Akwai sufurin da ke dawo da ƙarfen ƙafa mazauninsa, akwai kuma wani ɗan hannu mai sufurin da ke riƙe gangar kada ta goce.

Abin lura a nan shi ne wurin da kowane sashe yake. Waya da ƙarfen ƙafa da sarƙa duk a waje suke, ido na ganinsu. Faya-fayan kuloci da sufurin biyun nan, a yawancin ƙananan babura, suna bayan murfin gefe ne, wanda ake cirewa inji na kan babur. Ganga da ƙarafa masu yatsu da haƙora ne kaɗai ke can tsakiya, inda sai an sauke inji an raba shi biyu. Hankali ya nuna a fara daga waje, daga mai araha, sannan a nufi ciki.

Abin da alamomi ke faɗa

Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kowace matsalar giya tana da irin kukanta, kuma mai sauraro zai rarrabe su.

Idan babur na neman tafiya alhali an damƙe kuloci, giya ɗaya na shiga da ƙara, firi kuma ya yi wuyar samu sai an kashe inji, to kuloci ne ba ya saki sosai. Gwajin ba ya cin ko sisi: a kashe inji, a ɗora babur kan babban jak, a riƙa juya tayar baya da hannu ana taka giya ɗaya bayan ɗaya. Idan duk suka shiga lafiya, akwatin giya ya kuɓuta daga zargi. Sai a duba wayar kuloci, wadda ƙurar hunturu da tsatsar damina ke cinyewa, a kuma daidaita sakin hannun kuloci, wanda a yawancin ƙananan babura bai wuce milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen hannun ba.

Idan inji na ruri amma babur ba ya ja, musamman da kaya ko a hawa, faya-fayan kuloci ne ke zamewa. Ko sun cinye, ko an ɗaure waya fiye da kima, ko kuma baƙin man ne bai dace ba. A babura irin Boxer, mai ɗaya ne ke wanke inji da giya da kuloci. Wasu mayukan mota na ɗauke da sinadarin ƙara santsi, wanda ke amfanar mota amma yake sa kulocin babur zamewa. Wannan ya sa masana'antun Japan suka fito da ma'aunin JASO MA a 1998, kuma akan rubuta shi a jikin robar man da ya dace da babur. Tsohon Jincheng mai hayaƙi kuwa man giyarsa daban yake da man da ke ƙonewa tare da fetur, kuma shi aka fi mantawa da shi har ya ƙafe.

Idan an taka ƙarfen giya ya ƙi dawowa sai an ɗago shi da ƙafa, sufurinsa ne ya karye. Idan ƙarfen na lilo ba ya kama komai, ko notinsa ya kwance, ko ƙananan haƙoran da ke bakin sandan sun goge. A nan ne ake yin wata ɓarna da ta zama ruwan dare: a kai wa mai walda ya liƙe ƙarfen da sandan. Babur zai tashi a ranar, amma zafin walda kan ƙona robar da ke tare mai, kuma duk ranar da aka buƙaci zare sandan sai an yanke shi.

Fitar giya da kanta ita ce ke buƙatar tambaya ta biyu. Shin daga kowace giya take fita, ko daga guda ɗaya? Idan daga kowace ce, a fara zargin ɗan hannun nan da ke riƙe ganga, wanda gyaransa bai wuce cire murfi ba. Idan kuwa giya ɗaya ce tak, galibi ta biyu, kuma sai an matsa wuta take zamewa, to ƙusoshinta sun goge ko ƙarfe mai yatsu ya lanƙwashe. Wannan ce larurar da ta cancanci a buɗe inji, kuma jinkirta ta ƙarin asara ne, domin ɓarɓashin ƙarfe zai bi mai ya ci sauran sassa.

A cikin waɗannan alamomi shida, guda ɗaya ce kawai ke wajabta raba inji biyu.

Me ke kawo gaggawar buɗewa?

A duba lamarin ta idon bakanike. Mutum ya kawo babur, ya saurare shi, ya hau ya zagaya, ya gano cewa waya ce, ya juya noti biyu cikin minti goma. Me zai ce a ba shi? Sau da yawa mai babur zai ce, "Allah ya saka da alheri, Malam, ai ba wani aiki ba ne," ya miƙa kuɗin ruwan sanyi ya wuce. Amma idan ya sauke inji ya baje shi a kan buhu, kowa ya ga aiki, an sayi gaskit da mai, akwai ladan yini guda, wataƙila da ɗan abin da zai samu a kan kayan da aka aiko daga Kano. Shekaru goma da ya yi yana koyon sauraron inji ba su da farashi a kasuwarmu. Sufana da guduma ne ke da shi.

Buɗe tsohon inji kuma ba ya tafiya a banza. Ana yinsa ne a fili, ƙura na tashi, ba tare da ma'aunin ɗaure noti ba. Akan cire ƙarfen asali da ya yi shekara goma sha biyar yana aiki a maye gurbinsa da wanda ba a san ingancinsa ba, domin kasuwar kayan babur, daga Nnewi har Sabon Garin Kano, tana da mai kyau tana da jabu, kuma mutumin karkara ne ya fi rashin damar tantancewa. Ga kwanakin da babur zai yi a kwance ana jiran kaya, a lokacin da gona ko aiki ba sa jira.

Masu ƙera baburan nan sun daɗe da sanin yanayinmu. A 1974 injiniyoyin Honda suka zagaya wasu ƙasashen Asiya, suka tarar ana ɗora wa babur iyali guda, ba a kuma canza mai sai ya zama kwalta. Daga nan suka fito da CG125 a 1975, injin da aka tsara domin ya jure rashin kulawa, wanda kamfanonin Sin da yawa suka kwaikwaya daga baya. Cikin irin waɗannan injuna yana da wuyar mutuwa. Abin da ke saurin gajiya shi ne na waje: waya, mai, sufurin, faya-fayai.

Ladan bincike

Wani zai ce idan aka fara biyan kuɗin dubawa, an buɗe wata ƙofar cuta, bakanike zai karɓi na dubawa sannan ya buɗe injin. Tsoron yana da tushe. Sai dai mun riga mun amince da wannan tsari a asibiti, inda muke biyan ganin likita ko da maganin da zai rubuta na ɗari biyu ne, kuma abin da ke kare mu shi ne tambaya. Mai babur na da haƙƙin ya ce: "Malam, nuna mini abin da ya sa ka cire waya da kuloci daga zargi." Bakaniken da ya san aikinsa zai ɗora babur kan jak ya nuna. A gari irin Durun, inda kowa ya san kowa, labarin wanda ya gyara giya da noti biyu ba ya kwana bai zagaya ba.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu su ne ake kira daga gida idan babur ɗin Baba ko na ƙane ya lalace, a ce a turo kuɗin buɗe inji. Kafin a tura, a yi tambayoyi huɗu. Giyar na shiga idan inji a kashe yake? Yaushe aka canza mai, kuma wane iri aka zuba? Ƙarfen ƙafa na dawowa da kansa? Daga giya ɗaya take fita ko daga duka? Idan amsoshin suka nuna ciki, a buɗe, a sayi kaya masu kyau. Idan kuma bakanike ya ce waya ce kawai, a biya shi lada mai kauri, fiye da abin da ya nema, a kuma faɗa masa dalili. Shi ne mutumin da ya kamata ya ci gaba da zama a bakin hanyar Kabo.