Muryar da ka tura ma makami ce

Ƴan uwa matasa, na Yamai da na Filinge, yau maganata a kan babban yatsanmu take.

Kowa ya san yadda abin ke faruwa. Da kaka shanu sun yi ɓarna a gonar hatsi wajen Cikal ko Bonkuku, ko kuma an kai hari wani ƙauye. Kafin magariba murya ta fara yawo a WhatsApp: wai ƙabila kaza ce, duk bakinsu ɗaya, a gama da su. Ba ka san mai muryar ba, ba ka ga gonar ba, amma ka tura. Kana zaune a fada kana jiran shayi na biyu, kana cewa kai ba ka taɓa kowa ba.

Ka taɓa, ɗan uwa.

Mu nan in an ce yoga, sai mu tuna masu lanƙwasa jiki a bidiyo. Alhali a littafin Patanjali, wanda masu yoga na Indiya suka ɗauka tushe, ƙa'idar farko cikin biyar na zama da jama'a ita ce ahimsa, wato kada ka cuci mai rai. Kuma sun kasa cuta kashi uku: wadda ka yi da hannunka, wadda ka sa anka yi, da wadda anka yi ka amince. Ba sai ka shimfiɗa tabarmar yoga ba kafin ka gane mai tura murya yana cikin na biyu da na uku.

Mun ga inda irin wanga zance ke kaiwa. A Toda, jihar Maraɗi, a watan Oktoba 1991, rigimar manoma da makiyaya ta ci fiye da mutum 100, akasari mata da yara. A lokacin babu wayar hannu, baki kaɗai ya isa. Yau fa, da murya guda ke shiga waya ɗari kafin a sauke tukunya?

Na san abin da za a ce: ana kashe mu, ku kuna wa'azin haƙuri. Ba wanda ya manta 15 ga Maris 2021, ranar da anka kashe mutum 58 a yankin Banibangu, da yawansu suna dawowa daga kasuwa. Yaƙi da masu bindiga aikin hukuma ne, kuma haƙƙinmu ne mu matsa mata ta yi shi. Amma bafulatanin da ke kawo nono kasuwar Filinge ba shi ne ya harba ba. Ranar da ka maida shi abokin gaba, ka yi wa masu bindiga aikinsu kyauta. Mutanen Banibangu da kansu, bayan duk jinin nan, zama sunka yi sunka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Janairu 2023. Kai da ke Yamai, ka fi su jin zafi ne?

In an yi ɓarna, akwai maigari, akwai sarki, akwai kwamitin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada. A auna ɓarnar, a biya. In an toshe burtali, a buɗe shi.

Kai kuma, in muryar ta iso wayarka, kada ta wuce ka. Tambayi wanda ya turo: wa ya faɗa, a ina, yaushe? In ba amsa, ka share ta, kuma ka gaya masa dalili a gaban kowa. Za a ce maka matsoraci. Ka bari a ce. Kurfai ƙasa ce ta manomi da makiyayi tun kakanni, kuma rijiyar da za su sha gobe guda ce.