Kafin a Yanke Kebul ɗin Ƙofar Sienna

A tashoshin Kano, Kaduna da Abuja, Toyota Sienna ta zama motar fasinjan da ke son ya miƙe ƙafa. A jihar Indiana ta Amurka ake haɗa ta, kuma akasari sai ta gama yayinta a can take shigowa ta Legas ko Kwatano. Da yawa suna zuwa da ƙofar gefe mai zamewa da kanta: a danna maɓalli, ta buɗe. Amma ba a jimawa sai a ga ɗan kamasho ya sa hannu biyu yana fizgar ta.

Idan aka kai gareji, hukuncin da aka saba ji shi ne a yanke kebul, a mayar da ita ta hannu. Wannan gaggawa ce, domin sau da yawa ƙofar lafiyarta ƙalau.

Kusa da sitiyari akwai maɓallin da ke kashe wutar ƙofofin gaba ɗaya, kuma gwiwar direba ko tsumman mai wankin mota na iya taɓa shi. A gefen ƙofar akwai ɗan makullin da aka yi domin yara. In an ɗaga shi, ƙofar ba za ta buɗu daga ciki ba, daga waje kuwa tana buɗewa. Ƙofar hagu tana da nata sharaɗin: muddin murfin tankin mai yana buɗe, ba za ta zame ba, don kada ta buge shi. Sai fiyus, sai batir da ya yi sanyi. Wanda aka cire wa kan batir a wajen gyara ma, wani lokaci abin da yake buƙata kawai shi ne ya rufe ƙofar da hannu har ta kama, na'urar ta sake gane matsayinta. Duk wannan binciken bai kai minti goma ba, kuma ba ya cin ko kwabo.

Idan an ji injin ƙofar yana ƙara amma ba ta motsi, to an zo inda kuɗi zai fita. Wani kebul na ƙarfe mai rigar roba ne ke jan ta a kan layi, tana gudu bisa 'yan ƙananan tayoyi. Robar tana tsagewa da tsufa, silin ƙarfen ya warware, ya tsinke ko ya cukurkuɗe. A ƙasar Hausa hunturu yana ƙara wa abin wahala. Ƙura tana taruwa a layin, wani kuma da kyakkyawar niyya ya lafta giris a kai, sai su haɗu su zama taɓo mai cin tayoyin. Goge layin da tsumma ya fi wannan laftawar amfani nesa ba kusa ba.

A yi wa direbobin haya adalci. Motar da ake buɗewa ana rufewa duk rana, ga lodi fiye da ƙima, ga kuɗin sabon kebul da injinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Panteka, mai ita yana da hujja in ya zaɓi ta hannu. Ƙofar tana aiki haka, in dai an cire ragowar kebul ɗin tsaf an kashe maɓallin.

Abin da ba shi da uzuri shi ne wasa da sakatar da ke riƙe ƙofa. A Nuwamban 2016 kamfanin Toyota ya kira kimanin Sienna 744,000 ƙirar 2011 zuwa 2016 a Amurka domin gyara. Dalili shi ne, idan wani abu ya tokare ƙofar tana ƙoƙarin buɗewa, injinta yana jan wuta fiye da kima, fiyus ya ƙone, kuma in sakatar ta riga ta saki, ƙofar na iya buɗewa mota tana gudu. Motocin waɗannan shekarun suna cikin waɗanda ake sayarwa a kasuwannin Najeriya, kuma mai saye ba kasafai yake tambaya ko an yi wa tasa wancan gyaran ba. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, tana da shafi a intanet inda ake shigar da lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17, a ga amsa kyauta.

Ƙofar da aka ɗaure da igiyar roba ko aka ce wa fasinjan gefe ya riƙe ta, a hanyar Abuja zuwa Kaduna, bai kamata ta fita daga tasha ba. Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW su ne ke tsaye a bakin lodi kullum, jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuma suna tsayar da waɗannan motoci don duba taya da takardu. Jan ƙofar gefe sau ɗaya a ji ko ta kama ba zai ƙara musu wani aiki ba.