Simintin ƙashi: binciken da bai kamata ya kwana a fayil ba

Likitocin da ke aiki a asibitocin ƙashi na tarayya da ke Igbobi, Enugu da Dala sun san matsalar sarai. Mota ta murƙushe ƙafa, ko ƙari ya cinye wani sashe, an yi tiyata, amma rami ya rage a cikin ƙashin. Ana cike shi da guntun da aka yanko daga ƙugun majiyyacin, wato yanka biyu da raɗaɗi biyu, ko kuma da kayan da ake sayowa daga waje da dala.

Cikin kayan nan akwai simintin kalsiyam fosfet, wanda masana biyu, Brown da Chow, suka ɓullo da shi a Amurka a shekarun 1980. Gari ne da ake kwaɓawa, ya daskare a cikin jiki ba tare da ƙuna ba, ya rikiɗe zuwa irin ma'adinin da ƙashi ke ɗauke da shi. Tsohon simintin roba na PMMA kuwa yana fitar da zafi yayin daskarewa, kuma jiki ba ya narkar da shi. Aibin sabon shi ne gautsi irin na tangaran: yana jure danniya, amma lanƙwasa kan fasa shi, jini kuma kan wanke shi kafin ya kama. Shi ya sa ba a dogara da shi kaɗai inda nauyin jiki ke sauka.

Maganin da masu bincike ke nema ba baƙo ba ne ga wanda ya ga magini yana zuba ciyawa a birgin ƙasa. Ana gauraya simintin da sinadaran polima masu danƙo ko zare. Kitosan, da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, yana riƙe kwaɓin kada jini ya tafi da shi. Zaren PLGA yana tare tsagewa, daga baya ya narke ya bar kafofin da sabon ƙashi zai bi. Sai dai idan aka yawaita polima, daskarewar na iya jinkiri ko ƙarfin ya ragu, kuma kafofin kansu raunana simintin suke yi. Jelatin ma ana sakawa, kuma majiyyaci na da haƙƙin sanin ko na saniya ne ko na alade.

Najeriya na da fosfet a Sakkwato da Ogun, tana da ɓawon jatan lande a gaɓar teku. Amma tsakanin dutse da garin da za a sa a jikin mutum akwai tacewa mai tsada, da gwaji kan dabbobi, sannan kan mutane, abin da ke cin shekaru. Tallafin shekara guda ba zai kai ko'ina ba.

Wannan jarida na ganin ya dace Asusun Bincike na Ƙasa da ke hannun TETFund, da hukumar RMRDC, su ɗauki aikin a matsayin na dogon zango, a haɗa injiniyoyin jami'o'i da likitocin asibitocin nan tun daga farko. Umarnin shugaban ƙasa na 2024 da ya sassauta haraji kan kayan haɗa magunguna da na'urorin asibiti ya buɗe ƙofa. Jami'an da ke tsara kasafi su tabbatar masu wannan bincike sun ci moriyarsa. Hadiman ministoci kuma su guji shirya bikin ƙaddamarwa kan samfurin da aka gwada a ɗakin gwaji kawai. NAFDAC ce ke da hurumin rajistar irin wannan kaya, kuma sai an ba ta ma'aikata da na'urorin auna ƙarfinsa da tsabtarsa kafin a kai shi ɗakin tiyata.